Wane Enzayim Za Ka Saya Don Binciken DNA na Bdellovibrio?

Bdellovibrio bacteriovorus, wadda aka gano a Jamus a 1962, bakteriya ce mai farautar 'yan'uwanta. Takan kutsa cikin wata bakteriya kamar E. coli, ta zauna tsakanin fatunta biyu, ta cinye ta daga ciki, sannan ta gina nata DNA da abin da ta wawaso. To in kayan ginin sun lalace, me ke hana kuskure shiga gadonta? Mai son amsar nan dole ya sayi enzayim, wato furotin mai gudanar da wani aiki na musamman a kan sinadarai, kuma wajen zaɓe ake yawan asarar kuɗi.

Babbar ɓarnar ita ce 8-oxoguanine, wato guanine (ɗaya daga cikin haruffan DNA huɗu) da oksijin ya taɓa, sai ta riƙa kama harafin adenine maimakon abokin haɗinta cytosine. Enzayim biyu ake sayarwa dominta. Fpg, wanda aka fi sani da MutM a jikin bakteriya, yana cire ta, ya kuma datse zaren DNA a wurin, shi ya sa kana ganin aikinsa ƙarara a kan jel, inda ake rarrabe gutsattsarin DNA bisa tsawonsu. Sai dai yana da kwaɗayi, yakan cire wasu lalatattun purine (rukunin adenine da guanine) ma. Shi kuwa hOGG1 na ɗan'adam ne, ya fi tsantseni. Ni dai Fpg nake ba da shawarar a fara da shi, tunda bakteriya kake bincike, sai a ƙara hOGG1 in ana son tabbatarwa.

Endonuclease III na lalatattun pyrimidine ne, wato rukunin cytosine da thymine. UDG, wanda Tomas Lindahl ya gano a 1974, uracil (harafin da cytosine ke komawa in ya lalace) kawai yake cirewa, ba ya datse zare, sai ka haɗa masa da Endonuclease IV don ya datse.

MutT daban yake. Ba ya taɓa DNA sam, ɓarnar yake tarewa tun a rumbun kayan ginin DNA: yana farfasa 8-oxo-dGTP, wato tubalin guanine da ya lalace, kafin a saka shi cikin zare. Bdellovibrio na da makamancinsa, furotin mai suna Bd0714. In tambayarka ta shafi wannan, Fpg ba zai amsa maka ba, sai ka shirya samar da furotin ɗin da kanka.

Kafin ka biya, tabbatar kana da firiza mai sanyin digiri 20 ƙasa da sifili, da matata mai ƙofar maikiron 0.45 don raba mafarauciya da abin farautarta. In babu matatar, har da DNA na E. coli za ka auna.