Ofishin akantan da ya karɓi kwalin rasit ɗina

Ina da ɗan kamfani na yaji da garin kunu a Kano, ma'aikata huɗu da injin niƙa ɗaya. Na yi masa rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni, a 2021, na karɓi lambar haraji ta TIN. Shekarar farko ɗan yayata ne ya shigar mini da bayanan haraji, daga nan ya tafi bautar ƙasa, abin ya dawo kaina.

Lissafin kamfanin yana rufewa ne a ƙarshen Disamba, doka kuma ta ba da wata shida, wato bayanan 2022 su isa FIRS, hukumar tara haraji ta tarayya a lokacin, kafin Yunin 2023 ya fita. To kun san yadda 2023 ta zo mana. Canjin takardun naira ya hana mu tsabar kuɗi tun daga Janairu, masu kawo mini barkono da citta kuwa ba ruwansu da tiransifa. Muna fara numfashi aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayu. Yuni ya zo ya wuce ina cewa gobe.

Uzuri dai ina da shi, amma bai hana abin cina a rai ba. Mahaifina ɗan Kantin Kwari ne, mutumin da ba ya kwana da kuɗin wani a aljihu, ni kuma ga ni ina fitar da zakka a kan lokaci, ina biyan yara albashi ran 28 ga wata, amma na tura kwalin rasit ƙarƙashin gado kamar kayan sata. Ko maigidana ban gaya wa ba. In baƙuwar lamba ta kira ni sai gabana ya faɗi. Kullum jinkirin na ƙaruwa, kunyar zuwa na ƙaruwa tare da shi, har wata makarantar kwana ta nemi in riƙa kai mata kaya, ta ce in haɗo da takardar shaidar biyan haraji.

Wata ƙawata ce ta kwatanta mini ofishin, a titin Gidan Zoo, saman bene, ɗaki biyu da fanka mai ƙara. Na je farkon Fabrairun 2024 da kwalina a ka. Akantan dattijo ne mai farin gemu. Na fara kame-kame ina ba da haƙuri, ya ɗaga hannu ya ce, "Hajiya, ba ni kika yi wa laifi ba, zauna ki sha ruwa. Nawa kika yi ciniki a shekarar?" Na ce, "Malam, bai kai miliyan 20 ba."

Sai ya jawo takarda. A dokar da ake aiki da ita lokacin, kamfanin da cinikinsa na shekara bai haura naira miliyan 25 ba ba ya biyan harajin riba, amma dole ya shigar da bayanansa. Ni ban taɓa sanin haka ba, ina ta lissafin miliyoyin da za a ce in kawo. Abin da ke kaina tara ce ta jinkiri: naira 25,000 a watan farko, sai 5,000 duk watan da ya biyo baya. Ya ƙirga daga Yuli zuwa Fabrairu, ya rubuta 60,000, ya ja layi biyu a ƙarƙashi. Na daɗe ina kallon lambar nan. Wata bakwai ina juyi a kan gado saboda kuɗin da bai kai na buhun barkono ba a lokacin tsada. Dariya ta kama ni, hawaye kuma suka biyo ta, yarinyar da ke kan kwamfuta ta yi kamar ba ta gani ba, na kuwa gode mata a zuci.

Aikinsu na da kyau, wannan ba zan rage musu ba. Yarinyar ta zauna da ni yini biyu muna ware rasit wata-wata. Ta sa na karɓo takardar shige da ficen kuɗi daga banki, a nan asirina ya tonu: rabin kuɗin kwastomomi asusuna na kaina suke shiga, kuɗin makarantar yara kuma daga asusun kamfani yake fita. Malam bai yi mini faɗa ba, ya dai ce, "Hajiya, tukunya biyu ce, kowace da murfinta." Su suka shigar da komai ta TaxPro Max, shafin hukumar, suka buga mini shaidar biya na riƙe a hannu. Tarar ni na biya da kaina zuwa asusun gwamnati, ba ta hannunsu ta bi ba, kuma wannan ya kwantar mini da hankali ƙwarai.

Inda suka gaza shi ne alƙawari. Sun ce mako biyu, sai da aka yi biyar. Kira uku ake ɗaga ɗaya, in ka je kuma a ce Malam ya fita. Jinkirin nasu ya tsallaka da ni cikin Maris, muna azumi aka gama, tarar ta koma 65,000. Da na yi magana Malam ya amsa cewa laifinsu ne, ya cire 5,000 ɗin daga ladansa ba gardama. Ladan naira 120,000 ne, wanda a ganina ya ɗan yi nauyi ga ƙaramin kamfani, kuma sai a ƙarshe na ji cewa bayanan shekara na CAC daban suke, kuɗinsu ma daban. Da tun ranar farko aka faɗa mini da ya fi. Benen nan ma ba na mai ciwon gwiwa ba ne.

Wanda zai je yanzu kada ya riƙe lambobin da na kawo, don Shugaba Tinubu ya sa hannu a sababbin dokokin haraji a Yunin 2025. Ya tambayi abin da ke kansa a yau, ya kuma sa a rubuta masa ranar gama aiki da duk abin da ladan ya ƙunsa kafin ya ba da ko sisi.

Ni dai na koma wurinsu. Bayanan 2023 tun watan Mayu muka shigar, saura wata guda wa'adi ya cika. Makarantar kwanan ba ta jira ni ba, ta ba wata kwangilar, wannan kam ya wuce. Maigidana na gaya masa komai daren da aka gama, muna shan ruwa, abin da ya tambaya kawai shi ne ko zan ba shi kwalin ya zuba tsofaffin jaridunsa.