Hayar jagora a Garanada: yaushe kwalliya ke biyan kuɗin sabulu?

Garanada, a kudancin Sifaniya, ita ce birni na ƙarshe da ya rage a hannun Musulmin Andalus, har ranar 2 ga Janairu 1492 da Sarki Abu Abdullahi ya miƙa makullanta ga sarakunan Kirista, Fadinan da matarsa Isabela. Kusan duk mai zuwa can fadar Alhamra ce ta kawo shi, kuma kusan kowa sai ya tsaya shawara: ya shiga ayarin mutum ashirin ko talatin, ya yi yawonsa shi kaɗai, ko ya ɗauki jagora nasa na kansa? Hukuncinmu shi ne jagora na kanka ya cancanci kuɗinsa, amma da sharaɗi biyu: ya riƙe maganar tikiti da kyau, kuma ya iya karanta abin da ke rubuce a bango. In babu waɗannan, ɗan rakiya kawai ka biya.

Yawanci zagayen awa uku ne a Alhamra, wasu kuma su ƙara awa biyu a tsohuwar unguwar Albaisin. Kuɗin kan kama daga wajen Yuro 150 zuwa sama, kuma na ƙungiya ne, ba na kai ɗaya ba. Iyali mai mutum biyar ko shida sun ci riba, mutum ɗaya kuwa zai ji a jikinsa. Sau da yawa kuɗin tikiti daban yake, Yuro ashirin da 'yan kai ga babba, don haka a tambaya tun kafin a biya.

Tikitin nan shi ne inda aka fi yin asara. Hukumar da ke kula da fadar tana sayar da shi da sunan mutum da lambar fasfonsa, kuma a ƙofa sai an nuna fasfon na asali. Yara 'yan ƙasa da shekara 12 ba sa biya, amma su ma sai an yankar musu nasu. A jikin tikitin akwai lokaci guda da aka rubuta, wato lokacin shiga fadojin Banu Nasr, gidan sarautar Musulmi da ya mulki Garanada. Fadojin nan su ne zuciyar wurin. Wanda ya makara ya rasa, ba roƙo ba magiya. Abin da ke jawo makarar kuwa sananne ne: mutum ya iso babbar ƙofa daidai lokacin da aka rubuta, bai san daga nan zuwa bakin fadojin tafiyar minti 15 zuwa 20 ce a ƙasa ba. Jagora nagari zai nemi bayanan fasfo makonni kafin ranar, domin a watannin Afrilu, Mayu da Oktoba tikiti kan ƙare da wuri. Zai kuma sa ku haɗu aƙalla rabin awa kafin lokaci, sau da yawa a Ƙofar Shari'a da aka gina a 1348, wadda ta fi kusa da fadojin. Duk wanda ya yi maka tallar cewa zai shigar da kai ba tare da bin wannan lokaci ba, ƙarya yake yi. Ba shi da wannan iko.

Yanzu ga ainihin abin da ake biya dominsa. Alhamra gini ne mai magana. Bangayenta cike suke da rubutun Larabci da aka sassaƙa a filasta, wani da rubutun Kufi mai kusurwa, wani da rubutu mai lanƙwasa, sun cuɗe da zanen ganye har baƙo ya ɗauka ado ne kawai. Taken gidan sarautar, "Wa la galiba illallah", babu mai rinjaye sai Allah, ya maimaitu ba adadi. Wannan kowane jagora ya haddace shi. Bambancin yana fitowa ne a zauren jakadu, cikin hasumiyar Komares mai tsayin mita 45, aikin Sarki Yusuf na ɗaya. Jagoran da ya san aikinsa zai tsayar da kai a tsakiya, ya ce ka ɗaga kai. Rufin katako ne guda fiye da 8,000 da aka harhaɗa, taurari jere bisa jere hawa bakwai, a ƙarƙashinsa kuma Suratul Mulk ce ta zagaye ɗakin, surar da ta ambaci sammai bakwai hawa-hawa. Rufin fassarar ayar ce da katako. Sai ya nuna maka lungun tsakiya inda sarki ke zama, taga a bayansa, yadda jakadan da ya shigo daga hasken tsakar gida ba zai ga fuskar sarki sosai ba, sarki kuwa yana ganinsa tsaf. Minti goma a wannan ɗaki tare da mai ilimi sun fi awa guda ta ɗaukar hoto.

Haka abin yake a farfajiyar zakuna da Muhammadu na biyar ya gina. Ginshiƙai 124 sirara, zakunan marmara 12 ɗauke da kwanon ruwa, a gefen kwanon kuma baitocin Ibn Zamrak, waziri kuma mawaƙin fada. In aka matso za a ga ba zakin da ya yi daidai da ɗan'uwansa, gashin wuya da fuska sun sha bamban, abin da ya ƙara fitowa fili bayan gyaran da aka kammala a 2012. A ɗakin 'yan'uwa mata biyu, ƙubbar mai kama da saƙar zuma tana da ramuka kusan 5,000, kuma a cikin wasu har yanzu akwai ɓurɓushin shuɗi da ja. Bangayen da muke gani fari-fari a yau, da can launi ne ke tashi a kansu. Mai karanta Larabci yana da babban rabo a nan, amma fa rubutun Kufi mai sarƙaƙiya yakan gagari ko da malami sai an nuna masa inda kalma ta faro.

Ruwa ma darasi ne. Tun zamanin Muhammadu na ɗaya, wanda ya fara ginin a 1238, aka datse kogin Daro kimanin kilomita 6 daga sama, aka jawo ruwan ta magudana a gefen dutse har ya ratsa lambun Jannatul Arif ya gangaro fada, ba inji, gangara kawai. A lambun akwai matakala da ruwa ke gudu a kan hannuwanta biyu. Masu ayari sukan wuce ta saboda sauri. Ka ce wa naka jagoran kana so ka hau ta.

Aibin wannan hidima kuwa ba ɓoyayye ba ne. Na farko tatsuniya. Za ka ji an ce jan tabon da ke cikin kwanon ɗakin Banu Sarraj jinin mutanen da aka yanka ne, alhali tsatsar ƙarfe ce a marmara. Za ka ji an ce zakunan agogo ne, kowace awa ɗaya ya tofar da ruwa, ba tare da wata hujja ba. Labarin ba laifi in an ce labari ne, laifin shi ne a sayar da shi a matsayin tarihi. Na biyu dillalai. Shafuka da yawa a intanet ba su da jagora ko ɗaya, suna karɓar kuɗi ne su nemo wanda ya samu a daren, shi ya sa ake canza wa mutane lokaci ana gobe. Ka nemi sunan wanda zai zagaya da kai, ka yi magana da shi kai tsaye, ka tabbata yana da katin lasisin gwamnatin yankin Andalus. Na uku gaggawa. Hanyar cikin fadojin ɗaya ce, ba a komawa baya, don haka jagoran da ke da wasu baƙi suna jiransa da rana zai fito da kai cikin minti arba'in. Awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi ita ce daidai. A rage lokaci a fadar Sarki Shal na biyar, sarkin Kirista, da aka soma a 1527, leƙa zagayayyen tsakar gidanta ya isa.

Albaisin ba ta buƙatar tikiti, amma lungunanta na ɓatar da mutum, kuma hawa ne kan duwatsu masu santsi. Dabarar ita ce a hau ƙaramar bas mai lamba C31 zuwa sama, a gangaro da ƙafa. A can sama, dandalin San Nikolas ke fuskantar Alhamra da duwatsun Siyera Nebada a bayanta, sai dai cunkoso. Dab da shi akwai babban masallacin garin da aka buɗe a 2003, lambunsa na kallon wuri ɗaya cikin natsuwa, kuma nan ne za a yi salla, tunda babu wurin yinta a cikin fadar. Daga nan a sauko ta gidan wankan ƙarni na 11 a bakin Daro, a ƙare a makarantar da Yusuf na ɗaya ya kafa a 1349, wadda ɗakin sallarta da mihrabinsa suka tsira. Tana daura da majami'ar da aka binne Fadinan da Isabela, taku kaɗan tsakaninsu.

A Garanada akan kawo ɗan abin taɓawa kyauta tare da abin sha, kuma naman alade na yawan shiga ciki, saboda haka a sanar da jagora tun farko. A Yuli da Agusta zafi kan kusa digiri 40, sai a nemi lokacin farko, ƙarfe 8:30 na safe. Babbar jakar goyo da keken jarirai ba sa shiga fadojin, akwai ma'ajiya kusa da Ƙofar Giya, amma ajiyar ma na cin minti goma daga lokacinka.