Korriban ko Moraband? Star Wars ruwaya biyu gare ta

Ɗan'uwa, ka ce gardama ta kaure tsakaninka da abokinka. Shi ya rantse Luke Skywalker ya yi aure har da ɗa, Chewbacca, ƙaton nan mai gashi abokin tafiyarsu, kuma ya daɗe da mutuwa, kai kuwa ka kalli manyan finafinan nan tara kaf, ba ka ga amarya ba, ba ka ga zaman makoki ba. Ga shi yana kiran mahaifar 'yan Sith, miyagun labarin, da suna Korriban, kai Moraband ka ji. Kana so a raba muku gardama. To, babu maƙaryaci a cikinku. Shi Legends yake ba ka labari, kai kuma kanon ka kalla.

George Lucas ya saki fim na farko a 1977, na uku a 1983, sai ya jingine har 1999. A wannan tsakanin marubuta suka ci kasuwarsu da izinin kamfaninsa na Lucasfilm: littattafai, mujallun zane, wasannin kwamfuta, duka ƙarƙashin sunan Expanded Universe. Shi Lucas bai taɓa ɗaure kansa da su ba. In abu ya burge shi ya ɗauka, in bai yi masa ba ya taka ya wuce. Sunan Coruscant ma, babban birnin labarin, daga littafin Timothy Zahn na 1991, Heir to the Empire, ya aro shi. Da Disney ta sayi Lucasfilm a 2012 a kan dala biliyan 4 da ɗoriya, tana son sababbin finafinai ba tare da tarin littattafai sun ɗaure mata hannu ba. Ranar 25 ga Afrilu 2014 aka sanar cewa finafinan Lucas shida da zanen The Clone Wars ne kawai suka tsira, sai abin da zai biyo baya. Wannan shi ake kira kanon, wato ruwayar da kamfani ya sa wa hannu. Sauran aka yi musu ritaya, aka manna musu tambarin Legends mai ruwan zinare a saman bango.

A Legends, Luke ya auri Mara Jade, wadda a da 'yar aiken sirri ce ta sarki Palpatine, kuma da niyyar kashe Luke ɗin ta shigo labarin. Suka haifi ɗa, Ben. Han Solo da matarsa Leia, ƙanwar Luke, 'ya'ya uku gare su: tagwaye Jacen da Jaina, da autansu Anakin. Jacen ya kauce hanya ya zama Darth Caedus, ya kashe matar kawunsa Mara, daga bisani 'yar tagwaicinsa ce ta kawar da shi da hannunta. Chewbacca kuwa ya mutu a littafin Vector Prime na 1999, wata ne sukutum ya rikito kan duniyar Sernpidal bayan ya ceci Anakin. A kanon babu Mara, Luke gwauro ne da ya ƙaurace wa mutane ya tare a tsibiri. Ɗa ɗaya Han da Leia suka haifa, shi ma Ben, shi ne Kylo Ren, kuma shi ya soke ubansa a fim ɗin 2015. Chewbacca yana nan daram har fim ɗin 2019. Ka lura da ɗan Han da ya lalace a duka ɓangarorin, da sunan Ben da ya tashi daga gidan Luke ya koma gidan ƙanwarsa? Shi ya sa masoya Legends ke cewa an kore su ta ƙofa, an dawo ana ɗibar kayansu ta taga.

Kuma ba su yi ƙarya ba. Thrawn, kwamandan nan mai shuɗiyar fata da jajayen idanu da Zahn ya ƙirƙira, an dawo da shi kanon a zanen Rebels a 2016, ya sake bayyana a shirin Ahsoka a 2023. Dawowar Palpatine a sabon jiki, wadda ta tayar da ƙura a 2019, mujallar Dark Empire ta riga ta yi ta tun farkon shekarun 1990.

Maganar suna ita ce mafi sauƙi, ko da yake ita ta fi cin bakin mutane. Korriban tsohon suna ne da 'yan wasan Knights of the Old Republic na 2003 suka haddace. Da Yoda, babban malamin Jedi, wato jaruman da ke yaƙar Sith, ya je can a zango na shida na The Clone Wars a 2014, sai aka ji Moraband, kuma zaɓin Lucas ne da kansa. Daga baya kanon ya yi sulhu: duniya ɗaya ce, Korriban sunanta na dā. Kada dai ka haɗa ta da Exegol ta fim ɗin 2019, wannan wata maɓoya ce daban.

Inda na fi jin daɗin kwatanta su shi ne batun jan takobin haske. Legends ta ce 'yan Sith ƙera dutsen cikin takobin suke yi a tanderu, na jabu ne, shi ya sa yake fitowa ja. Bayani ne na maƙera, ba laifi, amma ba ya taɓa zuciya. Kanon ya ce dutsen, mai suna kyber, tamkar mai rai ne, kuma ba ya yarda da mugu. Sai ɗan Sith ya ƙwace na wani Jedi, ya riƙe shi a tafin hannu, ya ɗura masa duk fushi da baƙin cikin da ke ransa har dutsen ya yi jini. A mujallar Darth Vader ta 2017 an nuna Vader, uban Luke da ya koma Sith, yana wannan aiki a Mustafar, wurin da ya ƙone, dutsen yana turjewa yana nuna masa rayuwar da zai yi in ya tuba, shi kuma ya ƙi. Fararen takubban Ahsoka, tsohuwar almajirar Jedi, su ma daga nan suka samo asali: jajayen duwatsu ta karɓe ta wanke su. A nan kam kanon ya yi wa Legends fintinkau, ko abokinka zai ji haushi.

Haka satar taswirar Death Star, makamin nan mai tarwatsa duniya. A Legends an rarraba aikin, wasan Dark Forces na 1995 ya ba Kyle Katarn kaso, wasu labaran suka ba wasu, har abin ya zama kowa da hannunsa a ciki. Rogue One na 2016 ya tattara shi a kan Jyn Erso da tawagarta, kuma babu wanda ya dawo da rai a cikinsu.

Amma a kan Luke, ni ina bayan Legends. Mutumin da ya ƙi kashe ubansa duk da ɓarnar da ya yi, a ce ya kunna takobi a kan ɗan ƙanwarsa yana barci, ko da na ƙiftawar ido ne? Fim ɗin 2017 ya yi ƙoƙarin kare wannan, har yau bai shige ni ba. A littattafan an bar shi ya girma, ya kafa makaranta a Yavin 4, ya yi kuskure, ya gyara. Sai dai Legends ɗin ba duka ce zuma ba. Akwai lokacin da kusan kowane marubuci sai ya ƙera sabon makamin tarwatsa duniya, har abin ya gundure.

In gardamar ta sake tashi, buɗe shafin Wookieepedia, kundin bayanan Star Wars, a wayarka ka nemi Chewbacca. A sama za ka ga maɓalli biyu, ɗaya Canon ɗaya Legends. Danna na biyu ka miƙa wa abokinka ya karanta mutuwar a Sernpidal, sannan ka karɓa ka danna na farko.