Sharhi: tolye da fenti a kan tsohuwar Peugeot 504 bashe a Tawa

Motar 504 ce mai buɗaɗɗen baya, ƙirar Kaduna, wadda ta daɗe tana jigilar albasar Galmi da raguna. Wani garaji a cikin garin Tawa ne ya yi aikin. Hukuncina a taƙaice: tolyen, wato mai gyaran ƙarfen jikin mota, gwani ne, mai fentin kuma ya yi gaggawa.

Tsatsar 504 ba ta ɓuya ga wanda ya san ta. Ƙasan kabin wajen ƙafar direba, gindin ƙofofi, mazaunin batir inda ruwan batir ke ɗiga, sai daɓen baya da fitsarin dabbobi ya cinye. Duk waɗannan yanke su aka yi, ba a lulluɓe da mastik (ƙullin da ake cike lotsawar jikin mota da shi) ba. An sa sabon ƙarfe mai kaurin milimita 1 a kabin, milimita 2 a daɓe. Da wutar karbur aka yi waldar, wadda kan lanƙwasa ƙarfe marar kauri idan aka ja ta ba tsayawa, amma shi ɗigo-ɗigo ya riƙa yi yana barin wurin ya huce. Na bi jikin da maganaɗisu, ya kama ko'ina, alamar mastik bai wuce milimita 2 zuwa 3 ba. Wanda ya fi haka, kwalta mai ramuka za ta tsaga shi.

Gugar ma ba laifi: samfefa lamba 80 har ƙarfe ya fito fari, maganin tsatsa, sannan 180, 320 da 400 kafin launi.

A feshin ne aka samu matsala. Fenti mai haɗi biyu ne, kashi 2 na fenti, kashi 1 na mai busarwa, kusan lita 4 ciki da waje. Sai dai an fesa shi da hantsi a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, da dilwan (ruwan tsinka fenti) mai saurin bushewa. Fentin ya fara bushewa tun a iska kafin ya kwanta, shi ya sa murfin injin da rufin suka fito da kaushi kamar ɓawon lemo. Da asuba ya kamata, a yayyafa wa ƙasa ruwa saboda ƙura, a kuma zubar da ruwan da ke taruwa a tankin kwamfureso. Kaushin dai ya gyaru da samfefa 1500 da ruwa, aka bi da man goge.

Abin da ba ya gyaruwa da guga shi ne robar gilashin gaba. Ba su cire ta ba, tef kawai suka liƙa, alhali a ƙarƙashinta ruwan damina ke kwana. Nan tsatsa za ta fara dawowa.

Wanda zai kai tasa motar, ya sayi sabuwar roba tun farko, ya sa cire gilashi cikin ciniki, ya kuma ce a rufe farantin lambar shasi kada fenti ya shafe ta, don ana dubawa a shingen jandarma.