Madubin keke: sai da na gwada uku kafin na samu wanda ya zauna

Tun da aka cire tallafin mai a 2023 na koma hawa keke, kullum daga Samaru zuwa Sabon Garin Zariya wurin aiki, kuma duk wanda ke bin hanyar nan ya san Kwangila ba wurin wasa ba ne, ga tirela ga tifa ga 'yan acaba ga adaidaita kowa na son ya riga wani. A da waiwaye nake yi in ga abin da ke bayana. To matsalar waiwaye a kan keke, da ka juya wuya hagu hannunka ma sai ya bi, keken ya karkata cikin titi ba ka sani ba. Ranar da wata tifa ta wuce ni har iskarta ta kaɗa min riga, ranar na shiga kasuwa neman madubi.

Na farko irin mai arhar nan ne na roba, mai dogon wuya da ake lanƙwasawa. A shago yana da kyau wallahi, amma da ka hau titi sai rawa, kowane rami sai ya sunkuya ka koma kallon ƙasa. Kuma fuskarsa ba gilashi ba ce, roba ce aka shafa, da hunturu ya shigo ina goge ƙura da hannun riga sati biyu ya yi dishi-dishi duk ya karce. Kar ku saya dan Allah ko kyauta ne.

Na biyu madubin mashin ne, mai gyaran keken unguwarmu ya ɗaura min da maƙalin ƙarfe. Gani kam yana gani sosai, sai dai nauyi, kuma ya tsaya sama kamar ƙaho, in za ka jingina keke ko ka shige da shi zaure sai ya bugi bango. Ga shi yana cin wurin ƙararrawa.

Na ukun shi nake amfani da shi yanzu wata bakwai ke nan. Ƙarami ne zagayayye, ana cusa gindinsa cikin ramin ƙarshen hannun keke sai a ɗaure da alanki, wato ɗan lanƙwasasshen ƙarfen ɗaure noti, yana buɗewa daga ciki ya kama gam. Saboda wuyansa gajere ne ba ya rawa ko a hanyar cikin gari wajen Ƙofar Doka, kuma da yake a can gefe yake ba kafaɗarka kake kallo ba, titin kake gani. Gilashi ne na gaske, ruwa kaɗan da tsumma ya dawo sabo. Kuɗinsa ya kusa ninka na robar sau uku amma ban yi da-na-sani ba.

Abin da nake so mutane su gane shi ne maganar kumburi. Madubin da fuskarsa ta ɗan kumburo yana nuna maka fili mai faɗi, amma yana ƙanƙanta mota, sai ka ɗauka tana nesa alhali ta iso. Shafaffe kuma yana nuna tazara daidai sai dai wurin da yake kamawa kaɗan ne. Nawa mai ɗan kumburi ne, kuma kwanakin farko sai da na riƙa tsayawa bakin titi ina kallon mota a madubi sannan na waiwaya na gan ta da ido, har idona ya saba. Ko yanzu in zan tsallaka ko zan sha kwana ina waiwayawa, madubin dai yana gaya min lokacin da waiwayen ba shi da haɗari.

A hagu za ka sa shi, tunda a dama muke tuƙi tun 1972, mota ta hagunka take wucewa. Na ga yara da yawa sun sa a dama don ado, abin yana damuna gaskiya.

Aibinsa ɗaya, yana ƙara wa keke faɗi, sai ka kula a cunkoson kasuwa, kuma in keken ya faɗi ta hagu shi zai fara shan ƙasa. Sannan sai an yanke ƙarshen robar hannu kafin ya shiga. Ka je da kekenka shagon a gwada a gabanka, don wani hannun ramin nasa ya yi ƙanƙanta, musamman tsofaffin kekuna, kuma ka hau ka zauna yadda kake zama kullum kafin a ɗaure shi.