Naira dubu 240 ta tafi a kan bidiyon dutsen sama, jama'ar Kaduna ku yi hattara

Wallahi kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba. Naira dubu 240. Da hannuna na tura, kuma kuɗin da nake tarawa ne na gyaran rufin ɗaki kafin damina.

Kada wani ya ce min wauta ce. Ni malamin makaranta ne, shekarata 19 ina koyarwa a Tudun Wada. Lokacin da aka ce kwamfutoci za su tsaya cak da shigowar shekarar 2000, ina gari. Da aka yi ta yayata 21 ga Disamba 2012, wai kalandar mutanen Maya na yankin Amurka ta Tsakiya ta ƙare, duniya za ta tashi, ni ne na tsaya gaban ɗalibai na karanta musu aya ta 187 a Suratul A'araf, cewa sanin Sa'a yana wurin Allah shi kaɗai. Mutumin da ya damfare ni ma da wannan ayar ya fara min magana. Ta nan ya shigo min.

A wurin mai shayi muka haɗu, bayan sallar Isha'i. Ya ce, "Malam, ni ban ce ƙiyama ba ce, wa ya isa ya faɗi haka? Fitina ce kawai ke tafe, mai iyali kuma ya kamata ya yi tanadi." Ina ta maimaita wannan maganar a raina. Da ya ce duniya za ta tashi, da tuni na miƙe na bar masa bencin. Bai ce ba. Sai ya miƙo min waya.

Shirin talabijin ne na Turawa, irin na tashoshin da ake cewa na ilimi, an ɗora masa muryar Hausa. Ga kiɗa mai tayar da hankali, ga wuta na cin birane, ga masana da tabarau. Wai wani dutse ne daga sama zai faɗo wa duniya, sunansa Apophis, ranar kuwa 13 ga Afrilu 2029. Ya ce in duba kalanda. Na duba, Juma'a ce. Bai ƙara ko kalma ɗaya ba, ya bar ni da tunanina.

Dubu 150 na fara turawa, na buhunan masara da shinkafa da wai za a ajiye min a sito a Mando. A'a, kafin nan sai da ya kai ni na ga siton daga waje, a kulle, wai mai mukulli ya tafi jana'iza. Dubu 90 ta sola ta biyo baya da mako biyu, domin a cewarsa wutar lantarki da bankuna duk za su tsaya. Dubu 150 da dubu 90. Ranar Asabar na koma Mando, mai gadi ya ce siton na wani ɗan kasuwar siminti ne, bai taɓa jin sunan mutumin ba. Wayarsa kuwa a kashe tun ranar Laraba.

Ƙanena ne ya nemo min cikakken bayani. Dutsen gaskiya ne, an gano shi a 2004, faɗinsa kusan mita 340, kuma zai wuce nesa da ƙasa da kimanin kilomita dubu 32. Tun 2021 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta sanar cewa ba zai buge mu ba nan da aƙalla shekara 100. Shi kansa shirin ya faɗi cewa dutsen wucewa zai yi, amma sai can ƙarshe, bayan an gama ƙona duniya a allo. Wannan guntun ɓarawon ya yanke. Shi ya sa haushina har da masu tashar. Don a zauna a kalli tallarsu suka cika shiri da tsoratarwa, suka ajiye gaskiya a wutsiya, macuci ya tarar da kayan aiki a haɗe.

Ina da rasit ɗin banki guda biyu da duk hirarmu ta WhatsApp, zan sako hotunan da zarar na gama da 'yan sanda. Na ji mutumin yana yawo Rigasa da Kawo. Duk wanda ya nuna muku bidiyo ya ce ku biya kuɗin tanadi, kar ku ba shi ko sisi.

Har yanzu ban faɗa wa uwargida ba. Jiya ma ta tambaye ni yaushe kafinta zai zo ya duba kwanon.