Littafin 'yan wasa na Dungeons & Dragons, bugun 2024: sana'a ɗaya ko sana'a goma?

Dungeons & Dragons wasan tebur ne na ba da labari: kowane ɗan wasa yana riƙe da jarumi ɗaya, jagora yana jan labarin, ana jefa ɗan jifa irin na ludo a ga sakamako. Duk teburin da aka buɗe na wannan wasa a Samaru ko Kongo, a Zariya, gardamar farko ba ta wuce guda: a gina jarumin da ya ƙware a abu ɗaya, ko wanda ya taɓa ko'ina. Littafin Player's Handbook da kamfanin Wizards of the Coast ya sake bugawa a watan Satumban 2024, shekara hamsin bayan fitowar wasan a 1974, ya ɗauki ɓangare a wannan gardama ko da bai faɗa da baki ba. Ya ƙara wa haɗa sana'o'i tsada, ya kuma buɗe wasu ƙananan ƙofofi masu araha ga mai son jaruminsa ya iya fiye da abu ɗaya. Da wannan ma'auni za mu duba shi.

Littafin shafi 384 ne, da Turanci, kuɗinsa a Amurka dala 49.99 kafin a zo maganar kawo shi. Sana'o'i 12 ne a ciki, wato irin aikin da jarumi ya ƙware a kai, kamar Mayaƙi ko Masanin Sihiri, kowace da rassa huɗu, sai asali iri 16, wato rayuwar da jarumi ya taso a ciki, da jinsi 10, kamar ɗan Adam.

Zaɓin yana farawa tun wurin rabon maki. Jarumi yana da baiwa shida: ƙarfi, zafin nama, juriya, ilimi, basira da kwarjini. Ana ba ka maki 27 ka sayi lambobinsu. 8 kyauta ce, 13 tana cin maki 5, 14 maki 7, 15 maki 9. Kana iya fitowa da 15, 15, 15, 8, 8, 8, ko kuma 13, 13, 13, 12, 12, 12. Kuɗinsu ɗaya. Na biyun ya fi kyau a ido, amma tarko ne, domin 12 da 13 duk ƙarin +1 suke bayarwa a jifa. Idan ka ɗora +2 ɗin da asali ke bayarwa, mai rabon farko ya kai 17, wato +3, mai na biyu ya tsaya a 15, wato +2. A ɗan jifa mai fuska ashirin, kowane +1 kashi 5 cikin ɗari ne. Ƙarami ne a jifa ɗaya, amma baiwar da kake kai hari da ita za ka jefa ta sau da yawa a zama guda, alhali ilimin Mayaƙi da wuya a tambaye shi sau biyu.

Jarumi mataki-mataki yake girma, kuma inda lissafin ya fi fitowa fili shi ne mataki na biyar. Ɗauki jarumai biyu, abokin gaba mai kariya 15, wato sai jifa da ƙarin hari sun kai 15 a same shi. Na farko Mayaƙi ne zalla. Ya karɓi ƙarin baiwa a mataki na huɗu, ƙarfinsa ya kai 18, ƙarin harinsa +7, sai ya jefa 8 ko sama ya samu, wato kashi 65. Yana sara sau biyu a kowane zagaye, kowane sara kusan 8.5. A tsaka-tsaki yana cire wajen 11 a zagaye. Na biyu ya yi mataki uku a Mayaƙi, biyu a Ɗan Sanɗa. Bai kai huɗu a ko ɗaya ba, don haka ƙarin baiwa ya wuce shi, domin da matakin sana'a ake ƙirga shi, ba da jimillar matakan jarumi ba. Sara na biyu ma bai zo ba. Harinsa +6, kashi 60, sara ɗaya mai 7.5, da ƙarin 3.5 na harin bazata idan sharaɗinsa ya cika. Ya tashi da 6.6. Ya samu ƙwarewa ninki biyu a fanni biyu da saurin ɓuya, ba a musu, amma a fagen fama ya zubar da kashi biyu cikin biyar na aikinsa.

Masu sihiri nasu ya fi ciwo. Mai mataki uku a Masanin Sihiri da biyu a Mai Warkarwa yana da gurbin sihiri mai daraja ta uku, wato damar yin sihirin da ya kai wannan ƙarfi, amma ba shi da sihiri mai wannan daraja da zai saka a ciki, don kowace sana'a da nata matakin take koyar da shi. Abokinsa da ya tsaya wuri ɗaya ya riga ya fara jefa Dunƙulen Wuta, ɗan jifa mai fuska shida har takwas a kan kowa da ke cikin da'irar. Taura biyu ba ta taunuwa, a nan kam littafin ya yarda da Bahaushe.

Bugun 2014 ya bar wata ɓaraka. Mai Warkarwa, Mai Sihirin Gado da Mai Alkawari suna samun reshensu tun mataki na ɗaya, sai mutane su leƙa mataki guda su kwashi gara su koma. Yanzu kowace sana'a sai mataki na uku. Haka ƙarin motsin da Mayaƙi ke samu a mataki na biyu, an hana yin sihiri da shi. Sharaɗin mai son haɗawa ya kai 13 a babbar baiwar tsohuwar sana'a da ta sabuwa yana nan.

Wannan ya fi shafar mu fiye da masu wasa a wasu wurare. Teburin ɗalibai a Zariya zangon karatu ne ke riƙe da shi. Jarrabawa ta zo, hutu ya biyo, wani ya tafi Kano, wani ya gama ya tafi bautar ƙasa. Tsarin da sai mataki na tara ko na goma zai nuna kansa, mai shi zai yi ta jan ƙafa a baya har labarin ya watse bai ɗanɗana ba. Tsaya a sana'a ɗaya har mataki na biyar, sannan ka yi shawara.

Sai dai teburin namu sau da yawa mutum uku ne da jagora, ba huɗu ko biyar ba, kuma ƙwararre zalla yana da ranar kunya. Mai gatari ya gamu da abin da ke tashi sama, ya tsaya yana kallo. Wanda duk sihirinsa wuta ne ya gamu da jan dodo, wanda wuta ba ta yi masa komai. A nan ne za ka ji ana cewa, “Malam, ni fa ba ni da abin yi, a wuce ni.” Laifin ginin ne, ba na jagora ba.

Maganin da littafin ya kawo shi ne abin da ya fi burgewa a cikinsa. Kowane asali yana zuwa da wata baiwa ta musamman, daban da shidan can, tun mataki na ɗaya, ɗan Adam kuma yana ƙara guda. Akwai mai ba da ƙwarewa a fanni uku. Akwai mai ba da ƙananan sihiri biyu da babba ɗaya mai daraja ta farko, wanda ake yi sau ɗaya kafin dogon hutu. Mayaƙi ya ɗauki Kalmar Waraka ta nan, ya tayar da abokin da ya faɗi daga nisan ƙafa 60, ya kuma yi saransa a zagayen. Bai rasa mataki ko ɗaya ba. Ruwan magani ma, mai zinari 50, yanzu da ƙaramin motsi ake shan sa, ba sai an bar saran zagayen ba. Mai gatari ya rataya māsu uku ko huɗu, suna kai ƙafa 30 lafiya, har 120 da wahala. Wanda kuma zuciyarsa ke kan taɓa ko'ina, ya ɗauki Mawaƙi kawai. Tun mataki na biyu yana samun rabin ƙarin ƙwarewa a fannin da bai koya ba. +1 ne har mataki na takwas, kada a sa rai da yawa, amma sihirinsa bai tsaya ba.

Inda littafin ya yi tuntuɓe shi ne ɗaure ƙarin baiwa da asali. Kowane asali baiwa uku ya ware, a cikinsu kaɗai za ka saka +2 da +1, ko +1 sau uku. Soja: ƙarfi, zafin nama, juriya. Manomi: ƙarfi, juriya, basira. Ke nan ɗan manomi ba ya samun ƙari a ilimi, kuma Masanin Sihirin da ya taso a gona zai fara a baya. A garin da Cibiyar Binciken Aikin Gona take, wannan doka abin dariya ce. Sakamakonta shi ne kowa ya bi asalin da lissafi ya nuna, labarin jarumai ya zama iri ɗaya. Littafin jagora na 2024 ya ba da damar ƙirƙirar asali, don haka jagora ya ƙyale kowa ya saka makinsa inda ya so.

Wanda maganar sihiri ba ta kwanta masa ba, ko a wasa, yana da wurin zama. Mayaƙi, Ɗan Sanɗa, Mai Fushi da Gwanin Dambe duk suna da rassan da ba ruwansu da shi, kuma ba a saka kuɗi a jifar.

Saye ko bari? Tebur ɗaya littafi ɗaya ya ishe shi. Kafin a haɗa kuɗin, a sauke dokokin kyauta da kamfanin ya saki a intanet. Sana'o'i 12 ɗin suna ciki, kowace da reshe guda, har da dokar haɗa sana'a. A kai shagon buga takardu a Samaru a fitar da shafukan sana'ar da kowa ya zaɓa kawai, da takardar jarumi kofi biyu, don ta farkon gogewa take cinye ta. Da fensir ake cikewa. Ɗan ludo fuska shida gare shi, ba zai yi aikin sauran ba. Saitin guda bakwai ne, masu fuska 4, 6, 8, 10, 12, 20 da na ƙirga ɗari, kuma kafin a samo su manhajar jifa a wayar jagora tana tsayawa a madadinsu.